Ɗan Sa-kai A Tashar Baƙunta: Darasin Boda-boda Ga Malamanmu Da Ɗalibanmu

Tun shekarar 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Nijeriya take tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik, su yi aikin sa-kai na shekara biyu a ƙarƙashin shirin TAC. Yuganda na daga cikin ƙasashen da suke karɓarsu, kuma 'ya'yanmu da dama suna karatu a can, musamman a Jami'ar Musulunci ta Mbale wadda aka buɗe a 1988. Idan ana sallama da mai tafiya, ana yi masa nasiha kan abinci da sanyi da riƙon addini. Da wuya ka ji an tambaye shi abin da zai hau kullum daga masauki zuwa wurin aiki, alhali a nan ne ransa ya fi shiga haɗari.

Alawus ɗin ɗan sa-kai ba ya sayen mota. Abin hawansa shi ne na talakan gari. A Kamfala abu biyu ne: ƙaramar bas mai kujera 14, wadda su suke kira tasi, da kuma babur ɗin haya, boda-boda, wanda sunansa ya samo asali daga masu kekunan da suke tsallakar da mutane iyakar Yuganda da Kenya. Bas ba ta tashi sai ta cika. Kuɗinta yana hawa idan hadari ya haɗo ko ma'aikata suka taso. Wanda ya ƙosa sai ya tsayar da babur, shi kuwa ya riƙa kurɗawa da shi tsakanin manyan motoci. Asibitin Mulago, mafi girma a ƙasar, ya daɗe yana kokawa da yawan masu karaya da raunin kai da baburan suke kawo masa.

Abin lura shi ne, Bature ya fi mu tsira daga wannan, domin yana tsoro. Shirin 'yan sa-kai na Amurka, Peace Corps, ya hana mutanensa hawa babur a yawancin ƙasashen da yake aiki, wanda ya saɓa kuwa ana iya mayar da shi gida. Namu yana zuwa ne da cewa ai ya san acaba tun yana yaro. Wannan sanin ne yake yaudararsa. A Yuganda da Kenya da Tanzaniya ana tuƙi ne ta hannun hagu, mu kuwa mun koma hannun dama tun 1972. Idon da ya saba duba hagu kafin tsallaka titi, can dama ya kamata ya fara dubawa. A makonnin farko ƙafa tana riga hankali, kuma ɗan babur ba ya jira.

Wasu za su ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Gaskiya ne, amma Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kuma kiyaye rai yana cikin manufofi biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo domin su. A ganina, hular kwano ta kanka, wadda ta yi daidai da kanka, tana cikin guzurin tafiya kamar fasfo. Wanda ya ga direba ya yi lodi fiye da kima, ko ya ji warin giya a bakinsa, ya sauka, ko da kuɗinsa zai tafi. Tafiyar Kamfala zuwa Mbale ta hanyar Jinja a yi ta da rana.

Sai batun farashi. Baƙo ba ya ɓuya, da ya buɗe baki an gane shi. Ya tambayi abokin aikinsa kuɗin kowace hanya, ya yi ciniki kafin ya hau, ya riƙe canji a hannu. Manhajoji irin su SafeBoda suna nuna kuɗi tun kafin tafiya. Sai dai kada mu yi saurin zargin ɗan Yuganda, domin a tashoshinmu ma ana ninka wa baƙo kuɗi, kuma malaman fiƙihu sun hana cutar wanda bai san farashi ba ya miƙa amanarsa ga mai sayarwa.

Akwai kuma salla. Wanda ya zo zaman shekara biyu mazaunin gida ne, ba matafiyi ba, domin a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu tana yanke ƙasaru. Kamfala tana dab da tsakiyar duniya, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe bakwai kusan duk shekara, daidai lokacin da hanya take cushewa. Wanda ya shiga bas ƙarfe shida yana iya yin magariba a kujera. Gara ya tsaya a masallacin da ke kusa da wurin aikinsa, ko babban masallacin ƙasa da ke kan tudun Tsohuwar Kamfala, ya yi salla, sannan ya gangara tasha bayan cunkoso ya fara lafawa.