Kogon Da Ruwa Ya Gina

A jihar Kentaki ta ƙasar Amurka akwai wani kogo da a ke kira Mamot. Duk duniya ba a san wanda ya kai shi tsawo ba, gama hanyoyinsa da aka auna a ƙarƙashin ƙasa sun wuce mil 400.

Ruwa ne ya haƙa shi da ikon Allah. Dutsen wurin na farar ƙasa ne, irin wanda a ke fasawa a Kalambaina, kusa da Sakkwato, a yi siminti. In ruwan sama ya ratsa ƙasa, sai ya ɗauko ɗan tsami daga iska da ruɓaɓɓen ganye. Wannan tsami shi ke cin dutsen kaɗan kaɗan, har tsaga ta zama rariya, rariya ta zama soro. A wasu wurare kuma ruwa na ɗigowa daga rufin kogon, kowane ɗigo ya bar ɗan burbushin dutse. Da haka tsiraye ke fitowa suna rataye kamar karas. Sau da yawa tsiro ya kan shekara 100 bai ƙaru da tsawon gaɓar yatsa ba.

Daga 1838 wani bawa baƙar fata, Stephen Bishop, ya riƙa kutsawa lungunan kogon da fitila, yana yi wa baƙi jagora. Amma baƙin wancan zamani sun yi ta'adi. Wasu suka ɓalle tsiraye don tsaraba, wasu suka rubuta sunayensu a rufi da hayaƙin kyandir. Rubutun yana nan har yau. A 1941 kogon ya zama gandun gwamnati, yanzu doka ta hana ɗaukar ko da tsakuwa.

Wannan doka ta yi daidai. Wani ya ce, "Guntu ɗaya me zai rage?" To, dubban mutane ke shiga kowace shekara. In kowa ya ɗauki guntu ɗaya, me na baya za su tarar? Abin da ruwa ya yi shekara 1,000 yana ginawa, hannu ya kan karya shi cikin ƙiftawar ido, ba kuwa maginin da zai iya mayar da shi.

Saboda haka yaro mai hankali in ya sami shiga kogo, sai ya bi jagora, ya kalla da ido, ya bar wurin yadda ya same shi. Ba a ɓari a kwashe duka.