Wai Keke Ya Fi Bindiga Kisa?

'Yan'uwana matan aure da 'yan makaranta, yau Amurka za mu leƙa, inda aka daɗe ana ja-in-ja a kan tsaurara dokar mallakar bindiga. Masu ƙin dokar suna da wata hujja mai daɗin ji. Wai keke ya fi bindiga kisa, to don me ba a hana sayar da keke ba?

Kada ku yi saurin dariya, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A shekarar 2021 mahaya keke kusan 1,000 suka mutu a titunan ƙasar, waɗanda bindiga ta kashe bisa kuskure kuwa ba su kai 600 ba. Amma ku lura da kalmar nan, kuskure, don a nan wayon yake. In aka haɗa da waɗanda aka harbe da gangan da waɗanda suka harbe kansu, mutum 48,830 bindiga ta ci a shekarar, fiye da rabinsu ma su suka kashe kansu. Su mahaya keken nan kuwa, ai mota ce ta banke su.

Ga abin da zai taɓa zuciyar uwa. A 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar. A 2022 kuma, a garin Uvalde na Jihar Texas, wani saurayi ya shiga makarantar firamare ya harbe yara 19 da malamai mata 2. Bisa doka ya sayi bindigar, 'yan kwanaki bayan ya cika shekara 18.