SHARHI: Littafin Emecheta, ɗaliban Abuja da sashe na 15 na Dokar 'Yancin Yara

Daga 2021 zuwa 2025, ɗaliban da suka zaɓi darasin adabin Turanci a jarrabawar WAEC sun zauna da sunan Buchi Emecheta a bakinsu. Littafinta, Second Class Citizen, wanda ya fito a 1974, yana cikin ƙagaggun labaran Afirka guda biyu da hukumar ta ware wa waɗannan shekaru, kuma da shi aka yi ta bita a azuzuwan Garki, Kubwa, Karu da Gwagwalada.

Labarin Adah ne, yarinyar da mahaifinta ya rasu tana ƙarama a Legas, ta yi aure da ƙuruciya domin ta samu inda za ta zauna ta ci gaba da karatu, ta haihu, sannan ta bi mijinta Francis zuwa Landan. A can ta tarar da ɗaki guda, da wariyar launin fata, da haihuwa a kai a kai, da miji mai duka wanda ya cinna wa rubutunta na farko wuta. Mafi yawan wannan rayuwar marubuciyar ce: Emecheta ta yi aure tana da shekara 16, ta tafi Ingila a 1962, tana da shekara 22 kuma ta riga ta haifi 'ya'ya biyar.

Shekara 16 ita ce shekarar yawancin masu karanta littafin a aji biyu ko uku na babbar sakandare. Ba sai malami ya yi dogon bayani ba kafin su gane Adah, musamman a Abuja, inda galibin iyaye zuwa suka yi. Yaron ma'aikacin tarayya yakan tashi yana jin ana kiran wani gari "gida" alhali Sallah ko Kirsimeti kaɗai ke kai shi can. Idan ciki ya bayyana a jikin ɗaliba, ko a jikin 'yar aikin da ke wanke-wanke a gidan, sau da yawa wannan "gidan" ake tura ta, cikin sirri, kafin maƙwabta su farga. Ƙawayenta sai dai su ga kujera babu kowa. Adah da ƙafarta ta tafi Landan. Wannan kuwa ba a tambaye ta ba.

Mai karatun Hausa ya san irin wannan labari tun kafin WAEC. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an cire Abu daga makaranta an aurar da ita ga dattijo, ta gudu, ta koma karatu. (A 2007 irin waɗannan littattafai hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona a Kano, da sunan kare tarbiyya.)

Alƙaluma ba su ƙaryata marubutan ba. Binciken lafiya da yawan al'umma na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari: kashi 8 a birane, kashi 27 a karkara. A Arewa mafi yawan wannan haihuwa a cikin aure take, amma ga makaranta sakamakon ɗaya ne.

Abin da ba ya cikin tambayoyin jarrabawa shi ne Dokar 'Yancin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai tsaye a Babban Birnin Tarayya. Sashe na 15, ƙaramin sashe na 5, ya tanadi cewa yarinyar da ta yi ciki kafin kammala karatu a ba ta damar ci gaba bayan ta haihu. Tanadin yana da giɓi, domin bai ce komai kan watannin goyon ciki ba, kuma a nan ne ake rasa yawancin ɗalibai. Kotun ECOWAS, wadda mazauninta ke nan Abuja, ta taɓa wannan giɓi a Disambar 2019, lokacin da ta yanke hukuncin cewa haramcin da Saliyo ta sanya wa ɗalibai masu ciki tun 2015 wariya ne. Saliyo ta janye shi a Maris na 2020, Tanzaniya ta sauke nata a Nuwambar 2021.

Nijeriya ba ta da irin wannan haramci a dokar tarayya, shi ya sa ma matsalar ta fi wuyar kamawa. Ba a korar yarinyar da takarda. Iyaye ne ke janye ta, makaranta ta yi shiru, rajista ta nuna ta daina zuwa. Masu tsoron kada dawowarta ta zama koyi ga sauran ɗalibai suna da damuwar da ta cancanci amsa, sai dai amsar ba za ta zama hana ta abin da doka ta ba ta ba, alhali wanda ya yi cikin, in ɗalibi ne, yana nan a ajinsa.

Aikin yana hannun Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, mai kula da kwalejojin haɗin kan ƙasa, da Hukumar Makarantun Sakandare ta Abuja. Kowace shugabar makaranta na buƙatar sani a rubuce: wa zai bi sawun ɗalibar da ta ɓace a tsakiyar zango, tsawon wane lokaci za a ajiye mata gurbi, kuma wace makaranta za ta karɓe ta idan ba ta son komawa inda aka san labarinta.