Ƙorafi Kan Dokar Naɗin Hannu a Damben Kaka

Zuwa ga Mai Girma Hakimin Tsanyawa,
Ƙaramar Hukumar Tsanyawa, Jihar Kano.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban-girma gare ka da dagatai da masu unguwannin ƙasarka, mu 'yan dambe da iyayen gidanmu daga Tatsan, Gurun, Yankamaye, Kabagiwa da cikin garin Tsanyawa muke kawo maka kukanmu. Kukan a kan kwamitin da ke shirya damben kaka ne a ɗaya daga cikin dandalolinmu, da dokar da ya fito da ita bana game da abin da ɗan dambe zai naɗa a hannu. Ba mu rubuta sunan kowa ba, amma duk ranar da ka kira mu za mu faɗa a gaban idonsu.

Ba doka muke gudu ba. Kowa a sana'ar nan ya san akwai masu tsoma zare cikin ƙaro su barbaɗa masa garin kwalba, akwai masu cusa ƙarfe a cikin dunƙule, kuma ba mu son ko ɗaya ya shigo filinmu. Wasan da Shago da Ɗandunawa suka yi suna a cikinsa har Ɗan Anace ya waƙe su, wanda yau ake karawa a kansa a gasar wasanni ta ƙasa, ya fi ƙarfin a mayar da shi yankan fuska. Yaranmu manoma ne da mahauta. Wanda ya rasa ido a fili, shi da iyalinsa za su ɗanɗana kuɗarsu idan damina ta faɗi.

To amma dubi yadda aka yi. Sai da aka cika fili, kalangu ya ɗauka, sannan sanƙira ya yi shela cewa duk zaren da aka zo da shi daga gida haramtacce ne, sai wanda ake sayarwa a wani tebur a bakin ƙofa. Mai teburin ɗan'uwan ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ne, kuma kuɗin da ya yanka ya zarce na kasuwa nesa ba kusa ba. Mun ɗauki zarensa mun gwada da namu, mun ja, mun murza, ba mu ga abin da ya fi namu da shi ba. Yaron da ya biya kuɗin acaɓa daga ƙauye, ya ɓata lokaci ana yi masa naɗi, aka ce ko ya kwance ya saya ko ya koma gida. Da dama sun koma.

Wannan ma mai sauƙi ne, ranka ya daɗe. Abin da ya fi ci mana rai shi ne binciken da ake yi wa baƙi kaɗai. Ɗan damben da ya zo daga wani gari a tsakiyar jama'a ake kwance masa hannu, a cire masa laya a ce fatarta ta yi tauri. Na gida kuwa daga cikin zaure suke fitowa da hannu a naɗe, layu reras, babu mai taɓa su. A turmin farko na wata karawa aka tsarge wa wani yaronmu gira, tsaga irin wadda duk tsohon ɗan dambe ya san dunƙule kaɗai ba ya yin ta. Muka nemi a kwance hannun abokin karawarsa a gaban alƙali, aka hana, aka ce mun ji zafin kisa ne. Ba don dattawa sun shiga tsakani ba, da damben ya fita daga fili ya koma kan 'yan kallo.

Ba mu ne farkon masu fama da irin wannan ba. A Amurka akwai wasan ƙwallo da sanda da ake kira sofbol. Tun shekarar 2000 hukumarsa ke buga hatimi a jikin sandar da ta yarda da ita, tana kuma fitar da jerin waɗanda ta haramta, kowa ya gani tun kafin ya kashe kuɗinsa. A damben zamani ma, a watan Janairun 2009 a Los Angeles, mai horar da Shane Mosley ya tsaya yana kallon yadda ake naɗa hannun Antonio Margarito, nan ya gano wani abu mai tauri a cikin naɗin. Aka sa shi ya sake naɗi kafin a kara, daga baya aka ƙwace masa lasisi na shekara guda. Ido ɗaya daga ɓangaren abokin karawa ne ya tona asirin.

Abin da muke roƙo ke nan. A zauna da Sarkin Fawa da tsofaffin 'yan dambe a rubuta abin da ya halatta da abin da ya haramta: irin ƙyalle, irin zare, hukuncin laya, hukuncin akayau a ƙafa. In da hali a nemi shawarar Hukumar Wasanni ta Jihar Kano don kada tamu ta saɓa da ta sauran gidajen dambe. A yi shelarsa ranar kasuwa tun kafin a fara girbi. A bar kowa ya sayi zarensa inda ya ga dama, muddin ya cika ƙa'ida. Naɗi kuma a riƙa yin sa a fili, na baƙo da na gida, wakilin kowane ɓangare yana tsaye, kuma duk wanda ya ji wa wani rauni a kwance hannunsa nan take.

Akwai sauran wasanni kafin kakar bana ta wuce, kuma zukatan matasa ba su huce ba. Muna roƙonka da ka dakatar da dokar teburin nan, ka kira mu da 'yan kwamitin gabanka kafin a sake buga kalangu a dandalin.

Allah ya ja zamaninka.

Naka masu biyayya,
'Yan dambe da iyayen gidansu na ƙasar Tsanyawa.