Tsoro ta kunne yake shiga

Ranar Asabar da ta wuce, cikin shirinmu na dare, wani matashi ya kira ya ce shi tsofaffin finafinan ban tsoro dariya suke ba shi: jini kaɗan, dodon ba a nuna shi, wasu ma baƙi da fari ne kamar hoton kakanni. Lokaci ya ƙure ban ba shi amsa yadda nake so ba, shi ya sa na biyo shi nan. Ƙanena, abin da kake gani kasawa, nan gwanintar take.

Ina shekarar farko a kolej na kalli Les Dents de la mer a bidiyo kulob ɗin unguwarmu a Maradi. Dala biyar kuɗin shiga, benci, ƴar ƙaramar tele, gurub yana ruri a waje. Fim ne na Steven Spielberg na 1975, sunansa na asali Jaws, kan wani ƙaton kifi mai cin mutane a gaɓar tekun Amurka. Mu da ko teku ba mu taɓa gani ba! Amma wallahi daminar nan kaf ban sa ƙafa a tabki ba. Abokai suna wanka, ni ina tsaron takalma.

To me na gani da ya firgita ni haka? Kusan ba komai. Sai an ci fiye da awa guda kafin a ga kifin sosai. Wanda aka ƙera da inji ne ya riƙa lalacewa a ruwan gishiri, dole Spielberg ya koma nuna ruwa, da ƙafafun masu iyo daga ƙasa, da ganguna rawaya da kifin ke ja. John Williams ya ɗora kiɗa mai sauti biyu kacal, yana farawa a hankali yana ƙara sauri. Da ka ji shi ka san abin yana tafe, amma ba ka san ta ina ba. Sauran aikin zuciyarka ce ta yi shi, kuma ita ta fi kowa sanin abin da kake tsoro.

Uban wannan dabara shi ne Alfred Hitchcock. A Psychose, fim ɗinsa na 1960, wata mata ta saci dala 40,000 na Amurka ta gudu, ruwan sama ya tsayar da ita a wani ƙaramin otal a gefen hanya. Ɗaki 12, duk babu kowa. Mai otal saurayi ne mai ladabi da kunya, falonsa cike da matattun tsuntsaye da aka busar, ga wani tsohon gida a kan tudu inda ake jiyo muryar uwarsa tana faɗa. Babu abin da ya faru tukuna, amma jikinka ya riga ya gaya maka wurin nan ba lafiya. Sai ta shiga wanka. Abin da ya biyo baya bai kai minti guda ba, kuma ko da ka tsura ido, da wuya ka ga wuƙa ta shiga jiki. Jinin ruwan cakulan ne. Ƙarar sukan, malo ne, ɗan uwan kankana, aka caccaka a gaban mikro. Da farko Hitchcock ya so a bar wurin babu kiɗa, Bernard Herrmann ya kawo masa kukan goge mai tsini, ya ji, ya sake shawara. Shekara 60 da wani abu ke nan, har yau kukan gogen nan yana tayar da tsikar jiki.

Hitchcock ya taɓa yi wa François Truffaut bayani da misalin bam a ƙarƙashin tebur. In ya tashi ba zato, ka razana na ɗan lokaci, shi ke nan. In kuwa an nuna maka bam ɗin tun farko, mutane suna zaune a kai suna hirar banza, to duk hirar a tsaye zuciyarka za ta yi ta. Razana daban, fargaba daban. Yawancin finafinan yanzu razana suke sayarwa: shiru, sai ƙara bagatatan. Ai ko yaro ya laɓe bayan ƙofa zai iya maka wannan.

Mu masu aikin rediyo mun san darajar shiru. In na yi sakan uku ban ce uffan ba a tsakiyar sanarwa, teknisiyan sai ya ɗago kai, mai shayi ya miƙa hannu ya taɓa rediyonsa. Kakanninmu ma sun sani. Wa ya taɓa jin tsohuwa ta tsaya siffanta Dodo a tatsuniya? Murya kawai take saukewa, ta ja numfashi, mu kuma mu matso jikinta.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga wasu finafinanmu na Hausa na aljanu. Minti biyar da farawa an fito da aljani da hoda a fuska, ido yana fitar da wutar kwamfuta, yana ƙyaƙyata dariya. Alhali muna da kayan aiki a banza: kangon gida, kuka a bakin gari da magariba, iskar hunturu tana kaɗa ƙyauren kwano, sallama a zaure tsakar dare ba a san mai ita ba. Carpenter ya yi Halloween a 1978 da kuɗi kaɗan, kiɗan ma da kansa ya haɗa.

Na yarda da kai a abu guda, ba duk tsohon fim ne ya tsira ba. Jemagun roba na Dracula ɗin 1931 ni ma dariya suke ba ni.

Ga aikin gida. Nemo wurin wankan nan na Psychose a wayarka, ka kalle shi ka kashe sauti. Sannan ka kife wayar, ka sa abin kunne, ka kashe fitila, ka saurara kawai. Asabar mai zuwa layi a buɗe yake, ka kira ka gaya mana wanne ne ya sa ka waiwaya bayanka.