Kwamfutar kwantam: Me ya rage wa matasan Dogondutsi da Tibiri a wannan tsere?

A watan Yunin 2025 kamfanin IonQ na Amurka ya sanar da sayen wani ƙaramin kamfani na Ingila, Oxford Ionics, a kan fiye da dala biliyan 1. A 2019 aka kafa kamfanin da aka saya, kuma dabara ɗaya ce ta jawo masa wannan daraja: yadda za a ƙara girman kwamfutar kwantam ba tare da ta rikice ba. Ni a ganina, duk mai son fahimtar inda wannan fasaha ta dosa, da kuma abin da ya shafe mu a cikinta, daga wannan matsala ta girma ya kamata ya fara.

Wayar da ke hannunka da 0 da 1 take lissafi. Ita kuwa kwamfutar kwantam da abin da ake kira kubit take aiki, wanda ke iya zama cikin gaurayen yanayin biyu a lokaci guda, ya kuma ɗaure da ɗan'uwansa. Akwai hanyoyi da dama na yin kubit. A hanyar da IonQ da Quantinuum suka bi, ana ɗauko ƙwayar zarra ta ƙarfe irin su itabiyam ko bariyam, a cire mata elektron guda ta zama mai caji, wato ayon. Sai a rataye ta a cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa, ƙarfin lantarki ya riƙe ta ba tare da ta taɓa komai ba, a sanyaya ta da hasken leza. Ignacio Cirac da Peter Zoller ne suka kawo shawarar yin lissafi da ita a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya a 1995, kuma a shekarar ce ayarin David Wineland a Amurka ya gwada matakin farko.

Abin da ya sa ake son ayon shi ne kowace ƙwaya daidai take da 'yar'uwarta, tunda ba masana'anta ce ta ƙera ta ba. Kuskurenta kaɗan ne: tun a 2024 Quantinuum ya sanar da cewa ya sauko ƙasa da kuskure 1 cikin 1,000 a aikin da ke haɗa kubit biyu.

Wahalar tana fara ne idan aka ce a yawaita. Ayon suna jeruwa ne kamar 'ya'yan carbi, kuma ta hanyar girgizar da suke yi tare suke isar wa juna saƙo. Idan guda 10 ne, babu damuwa. Idan layin ya yi tsawo, nau'o'in girgizar sai su cunkushe, a kasa bambance wannan da wancan, aiki ya yi nauyi, kuskure ya ƙaru. Ga shi kowace ƙwaya tana buƙatar a saita mata haskenta. Ka ƙiyasta madubai da wayoyin da ƙwaya dubu 100 za ta ci.

Mafita uku ake gwadawa. Ta farko, wadda aka tsara tun 2002, ita ce a raba ayon gida-gida a kan faifai guda, a riƙa kora su daga wannan wuri zuwa wancan kamar dabbobi a burtali, a haɗa biyun da ake so su yi aiki, sannan a mayar da su. Da ita Quantinuum ya kai kubit 56 a 2024, ya kai 98 da injinsa Helios a Nuwamban 2025. Amma korar tana cin lokaci, alhali dama ayon sun fi irin kubit ɗin Google da IBM jinkiri nesa ba kusa ba. Ta biyu ita ce a gina ƙananan injuna a haɗa su da zaren haske. Masana a Jami'ar Oxford sun nuna hakan a Fabrairun 2025, da injuna biyu masu tazarar mita 2 kacal. Ta uku ita ce ta Oxford Ionics: a sarrafa ayon da siginar lantarki daga cikin faifan kansa, a rage dogaro da leza.

Yanzu a kwatanta 98 da inda ake son zuwa. Craig Gidney na Google ya ƙiyasta a 2025 cewa karya makullin RSA-2048, ɗaya daga cikin makullan da ke tsare intanet, zai buƙaci ƙasa da kubit miliyan 1. Da irin injin Google ya yi lissafin, amma ya isa ya nuna tsawon tafiyar. Don haka wanda ya ce maka gobe za a fasa asusunka, ko ya kawo maka “jarin kwantam” a WhatsApp, ka riƙe aljihunka. Sai dai kuma a 2019 kubit miliyan 20 shi Gidney ɗin da abokin aikinsa suka ƙiyasta. Wanda bai ji tsoron wannan saukowa ba, bai duba alƙaluman da kyau ba.

To ina ruwan ɗan Matankari ko Kore Mairuwa? Sayen injin ba ya cikin lissafi. Ko da kuɗin, tun 2024 Amurka da Birtaniya da Faransa suka sa ƙa'idoji masu tsauri kan fitar da irinsa waje. Abin da ke hannunmu biyu ne.

Na farko makulli. A Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin ɓoye bayanai da aka tsara don jure wa kwamfutar kwantam, kuma kyauta ne ga kowa. Kuɗin da ɗan ci-rani ya turo gida jiya an riga an ci, amma hoton yatsa da bayanan fasfo da takardun gwamnati suna da daraja shekaru masu yawa, kuma ana iya kwafe su yau a jira injin da zai buɗe su. Ƙasashen AES sun ƙaddamar da sabon fasfo a Janairun 2025. Ya dace 'yan jarida su tambayi hukumomi da bankuna da kamfanonin tura kuɗi ko yarjejeniyoyin da suke sa wa hannu sun tanadi sauya makulli, domin sauyawa daga baya ta fi tsada.

Na biyu mutane. Na san abin da za a ce: wutar lantarki ma ba ta ishe mu ba. Gaskiya ne, kowa ya tuna Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta. Amma a tuna Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya yi karatun fiziya har ƙoli a Faransa, ya dawo ya jagoranci binciken makamashin rana a Yamai lokacin da ƙasar ba ta kai haka ba. Sunansa babbar jami'ar ƙasar ke ɗauke da shi.

Kuma idan aka lura, matsalolin da na lissafa a sama yawancinsu na injiniya ne da mai aikin hannu: saita haske, haɗa zaren gilashi, ƙera faifan lantarki, daidaita wuta. Matashin da ya ƙware a nan, ko bai taɓa ganin ayon ba, yana da aiki a layukan intanet da tashoshin sola. Wannan ne ya sa nake ganin Jami'ar Doso, da aka kafa a 2014, ta fi buƙatar ɗakin gwaji na haske da lantarki a kan taron ƙara wa juna sani mai kanun “kwantam”. Ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna waje da ke haɗa kuɗi su gina aji ko rijiya, su ma za su iya ɗaukar nauyin kayan gwaji na lise guda da malamin fiziya guda.

Ga wanda ya riga ya gama digiri a lissafi ko fiziya, cibiyoyin AIMS da ke Sanigal da Ghana da Kamaru da Ruwanda da Afirka ta Kudu suna ɗaukar ɗalibai da cikakken tallafi, manhajar Qiskit kuma kyauta ake sauke ta a kwamfutar cinya. Sai dai Ingilishi ya zama dole, domin da shi ake rubuta kusan dukkan binciken, kuma daga Dutsi zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato ba wata tafiya ba ce.