A nemi STEP, a bar STL ga na'urar bugu

Duk mai zana injina a SolidWorks ko Fusion 360 ya san ranar da ake turo masa sashe a fayil ɗin STL, a ce ya ɗora cikin haɗin da yake yi. A ganina ya ƙi, ya nemi fayil ɗin STEP. Kamfanin 3D Systems ya ƙirƙiro STL a 1987 domin na'urorinsa na bugun 3D, kuma ba komai a cikinsa sai tarin ƙananan alwatika da suka lulluɓe jikin abu. Ramin noti da ido ke gani a zagaye, in ka matso da shi sai ka tarar gefuna ne masu kusurwa, babu tsakiyar da manhaja za ta kama ta daidaita da sandar ƙarfe. Ga shi fayil ɗin ba ya faɗin ma'auni: abin da aka zana da inci kan shigo a milimita, ya ƙanƙance sau 25.4. STEP kuwa yana riƙe ainihin lanƙwasa da ma'auninta. In ya zama dole, kamar abin da aka ɗauko da na'urar sikan, a yi amfani da STL wajen duba ko sashen zai gogi maƙwabtansa, amma fuskokin da za su haɗu a sake zana su daga tushe.